Ɗana mai shekara 9 ya yi ƙiba da yawa, ta ina zan fara?

Uwar Yara Uku:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da ma'aikatan lafiya a kan ɗana na fari, mai shekara 9, wanda yake aji huɗu na firamare. Cikin shekara biyun nan jikinsa ya buɗe sosai, har sau biyu ina kai kayan makarantarsa wajen tela ana ƙara musu faɗi, kuma in ya hau matakalar bene sai ya tsaya yana haki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan ajinsu sun laƙaba masa suna Lukuti, yanzu ko wasa ba ya son fita. Kakarsa, wadda muke gida ɗaya da ita, cewa take yi ƙibar yaro alamar ƙoshi ce, in ya girma za ta zube. Ni kuwa na yi tunanin in hana shi abincin dare, in kuma sayo masa shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook. Shin hakan daidai ne?

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Don Allah ki bar maganar shayin nan, domin da yawa daga cikinsu gudawa ko yawan fitsari suke sa mutum, ruwan jiki ya ragu, kitse kuwa yana nan inda yake. Hana abincin dare ma ba dabara ba ce, saboda yaron da ya kwana da yunwa zai rama da safe, ko ya koyi ci a ɓoye. Ki fara kai shi asibiti a auna tsayinsa da nauyinsa, a gwada su da jadawalin girma na shekarunsa, tun da ma'aunin manya ba ya aiki a kan yara. Sau da yawa abin da likita yake nema ga yaro mai tasowa shi ne nauyin ya tsaya wuri ɗaya yayin da tsawo yake ƙaruwa. Ki kuma duba bayan wuyansa da hammatarsa. Idan fatar ta yi baƙi ta yi kauri kamar dauɗar da soso ba ya fitarwa, ki nuna wa likita, domin tana iya zama alamar jiki ya fara gaza sarrafa sukari.

A gida kuwa, ki fara da abin sha kafin ki taɓa tuwo. Robar lemo mai rabin lita tana iya ɗauke da sukari wajen giram 50, wato kusan ƙaramin cokali 12, kuma yaro zai shanye ta bai ji ya ƙoshi ba. Zoɓo da kunun aya na gida ma, in an zuba musu sukari da ludayi, ba su da maraba da lemon kanti.

Malamin Firamare:

Hajiya, ki bincika inda kuɗin tara yake tafiya. Ina tsaye a bakin ƙofar makaranta kullum, kuma abin da nake gani a hannun yara shi ne fanke, cincin, alawa da lemo mai sanyi, bayan sun riga sun ci taliyar Indomie a gida. Gara ki haɗa masa dafaffen ƙwai ko alala da goba ko yankan kankana, ki rage kuɗin. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Yaranmu kuwa daga adaidaita sai aji, daga aji sai Islamiyya, daga nan sai waya. Mu a zamaninmu langa da ƙwallon tsumma suka ishe mu, ba mu san wani abu wai shi motsa jiki ba. Batun sunan da suka sa masa, ki sami malamin ajinsu a keɓe, aikinsa ne ya tsawatar.

Baban Tagwaye:

Ni na taɓa yin kuskuren ware wa 'yata kwanonta daban, tana kallon ƙannenta suna cin soyayye ita an ba ta kwaɗon zogale, sai da ta yi sati ba ta yi mini magana da sakin fuska ba. Da muka sauya girkin gidan gaba ɗaya, muka rage mai a miya, muka daina ci a gaban talabijin, sai rigimar ta mutu. Game da kaka, kada ki yi jayayya da ita. Ki bar mahaifin yaron ya tafi da ita asibitin, ta ji daga bakin likita.

Uwar Yara Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba wuyan nasa da daren nan, kuma akwai ɗan baƙin da aka ambata, wanda na daɗe ina dirza da soso ina yi masa faɗan ƙazanta. Ranar Litinin in Allah ya yarda za mu je asibiti, har da kakar tasa.