Wai gwamnati tana da ikon hana makarantun kuɗi yin ƙari?

Maman_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yarana uku suna wata makarantar kuɗi a nan Kano, ana dawowa hutu sai ga takarda wai an ƙara kuɗin zango, ba taron iyaye ba komai, kuma littattafai da yunifom dole a wajensu za ka siya har safa. Albashin babansu ko motsi bai yi ba. Shin gwamnati tana da hurumin taka musu burki ne ko tunda kayan mutum ne sai yadda ya ga dama?

Abu_Sadiq:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Tana da shi mana, ai ita ke ba su lasisi, kuma akwai hukuma guda a Kano mai kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, can ake kai ƙorafi. Kin manta 2020 bayan kullen korona? Gwamnatin Ganduje ta ce su rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zango na uku ko a soke zangon gaba ɗaya, lokacin Sanusi Kiru ne kwamishinan ilimi. Kar ki je ke kaɗai, ki nemo iyaye ko goma ne ku rubuta takarda ku sa hannu, ku haɗa da rasit ɗin bara da na bana.

Malama_Mai_Alli:
Yaya wallahi na ji zafinki, amma ku ji namu ɓangaren. Ƙaramar makaranta nake riƙe da ita a gidan haya, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya ninka, mai gida ya ƙara haya, takarda ta tashi, malamai na cewa albashin ko kuɗin adaidaita ba ya isa kuma gaskiyarsu ne, ga masu karɓar haraji wannan ya fita wancan ya shigo, iyaye kuma rabi sai zango ya ƙare ba su biya ba. In za a ƙayyade mana kuɗi to a rage mana haraji. Amma ƙari ba tare da an zauna da iyaye ba, wannan kam ba daidai ba ne.

Ɗan_Kurna:
Abin da ke ci min rai sai an yi ɓarna ake tunawa da makarantun nan. A Janairun 2022 da aka gano gawar Hanifa, yarinyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe, Allah ya jiƙanta, nan take aka soke lasisin duk makarantun kuɗi na jihar. A 2023 gwamnatin Abba ta zo ita ma ta ce kowa ya sake rijista. Da ka yi magana sai a ce kai ɗan Gandujiyya ne ko ɗan Kwankwasiyya, a koma zage-zage a rediyo, a manta da yaran. Su kuma manyan da za su sa dokar ina 'ya'yansu suke karatu? Da an gyara firamaren gwamnati, yara ba sa zama a ƙasa ɗari da wani abu aji ɗaya, wa zai ja mana rai?

Maman_Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malama ni ma ba na son a rufe makarantar, yaran suna ganewa sosai. Na yi magana da iyaye shida, ranar Litinin in sha Allah za mu fara samun shugabar makarantar tukuna.