Tsatsar tukwanen ragowar yuraniyom: daga ciki take ko daga waje?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana game da manyan tukwanen ƙarfen da Amurka ke ajiye ragowar yuraniyom a cikinsu, wato abin da ya saura bayan an tace shi, a Paduka ta jihar Kentaki da kuma Fotsmos ta jihar Ohayo. Tukwanen sun haura 50,000, kuma da yawansu sun yi shekara da shekaru a fili, ruwa da rana suna dukansu. Shin sinadarin UF6 (haɗin yuraniyom da fulorin, wanda a siffarsa ake ajiye ragowar) da ke ciki ne yake cin ƙarfen har kaurinsa ya ragu, ko kuwa ɓarnar daga waje take?

Masanin Ƙarafa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Galibin ɓarnar daga waje take. Muddin danshi bai shiga ba, sinadarin yakan yi wa cikin tukunyar wani siririn ɓawo wanda ke hana shi ci gaba da cin ƙarfen. Matsalar tana wuraren da ruwa ke kwanciya: ƙasan tukunyar da ta nutse har ta taɓa ƙasa, da inda take zaune a kan matashin katako mai riƙe laima, da kuma cikin zoben ƙarfen da ke kewaye da kan wasunsu, inda ruwan sama ke taruwa ya ƙi bushewa. Kaurin jikin mafi yawansu kusan milimita 8 ne kawai, alhali kowace tana ɗauke da tan 12 da wani abu, kuma idan kaurin ya gaza rubu'in inci (milimita 6 da ɗan wani abu), ƙa'ida ba ta yarda a yi jigilarta yadda take ba. Ana auna shi da na'ura mai tura sautin da kunne ba ya ji, amma awon ba shi da amfani idan ba a kai na'urar can ƙasa inda tsatsar ta yi rami ba.

Malamar Kimiyya:
Na yarda da bayanin Malam, sai dai kada a ɗora wa tsatsa laifin duka. Wasu daga cikin tukwanen da aka samu sun huje, rauni suka ji lokacin da ake jera su bibbiyu, ɗaya bisa ɗaya, inda kunnen ɗaukar wata ya lotsa jikin maƙwabciyarta. Da zarar iska mai danshi ta shiga ta tsagar ta haɗu da UF6, sai a samu iskar HF (haɗin haidurojin da fulorin) mai guba, ita kuma ta ci bakin ramin daga ciki. Abin da ke sassauta lamarin shi ne UF6 daskararre ne a zafin yau da kullum, kuma abin da ke samuwa a bakin ramin yakan toshe shi, ya rage yoyo.

Masanin Ƙarafa:
Haka ne, Malama, amma ni ba na so a dogara da wannan toshiyar, domin ramin yana ci gaba da faɗi a ƙarƙashinta, kuma tana iya ɓallewa ranar da aka zo ɗaga tukunyar. Tun a 1995 hukumar da ke sa ido kan tsaron cibiyoyin nukiliya na ƙasar ta nemi a gyara yanayin ajiyar. An mayar da tukwane kan daɓen siminti, an sauya matasan katako da na kankare, an yi wa wasu fenti. Wannan jinkirta matsalar ne kawai. Maganinta shi ne masana'antu biyu da suka fara aiki a 2010 da 2011, masu mayar da UF6 garin yuraniyom wanda ruwa ba ya tayar masa da guba irin ta HF, kuma aikin zai ɗauki shekaru masu yawa kafin a kai ga tukunya ta ƙarshe.