Marsandin Baba za ta kai amarya Daura, wace taya zan sa mata?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tsofaffin Marsandi. Akwai 280SE ƙirar 1984 da Baba, Allah ya jiƙanshi, ya bari, irin wadda ake ce ma Shagari ɗin nan. Tana nan gida Ƙofar Sauri, inji lafiya lau, an sa sabon batir an duba birki, taya kawai ta rage, na jikinta zanensu na nan amma gefen duk ya tsattsage. Bayan sallah za a kai ƙanwata Daura kuma Hajiya ta ce a motar mahaifinta take so a kai ta. Lambar da ke jiki 195/70 R14. Na zaga gari abu uku na samu: sabuwa 'yar China, 'yar Beljiyam mai babban suna, sai wani mai shago da ya ce in sa mata tayar bas 195 R14C in huta. Rim ɗin na asali ne da ta zo da shi, bana son canza shi ko kaɗan. Kuma ba kullum za ta riƙa fita ba, daga masallacin Juma'a sai biki. Wacce za ku ce?

Ɗan Marusa:
Wa alaikumus salam. Ka ɗora mata rim 17 mai walƙiya kawai, wallahi in ta shiga Daura sai kowa ya waiwayo

Baban Ummi:
Allah ya jiƙan Alhaji. In za a sayar da motar dai a tuna da ni.

Abban Khalifa:
Amin na gode. Ba ta sayarwa ba ce Baban Ummi, kuma na ce rim ɗin yana nan yadda yake.

Kawu Direba:
Yaro ka sa ta bas. Tun ana shigo da motocin nan sababbi nake tuƙi, na san su. Motar nan nauyi gare ta, ƙarfe ne zalla, tayar China mai laushi ba za ta ɗauke ta ba. Ta bas ko ƙusa ta taka sai ta kai ka gida. Lokacinmu da Michelin ke Fatakwal, Dunlop ke Ikeja, ba a wannan tambayar, shago za ka shiga ka ɗauko wadda aka yi jiya. Tunda suka rufe, ɗaya 2007 ɗaya 2008, kowa ya koma cin abin da jirgin ruwa ya kawo.

Injiniya KT:
Kawu da girmanka, amma ta bas ba ta dace da wannan motar ba. 195 R14C ta fi 195/70 R14 tsawo da kusan santimita 4, wato in allurar gudu ta nuna 100 to kana wajen 106, kuma in an cika mota da 'yan kai amarya tana iya gogar jiki wajen kwana. Gefenta tauri gare shi don lodi aka yi ta, duk ramin da aka taka sai ya shigo cikin kujera, alhali daɗin 280SE ɗin shi ne lallausar tafiya. Maganar nauyi kuma a jikin taya ake karantawa, ka duba bayan lambar za ka ga kamar 91H. 91 na nufin kowace taya ɗaya na ɗaukar kilo 615, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Huɗu kenan sun ɗauki kilo 2,460, motar da mutanenta ba su kai haka ba.

Kawu Direba:
Karatun waya daban, hanya daban. Kai ka taɓa canza taya da rana tsaka tsakanin Mashi da Daura?

Malam Na Layout:
Abban Khalifa don girman Allah duk abin da za ka yi kada ka yarda da leda. Ni leda ta cuce ni. Ina da 230E, V-boot, mota ce da ko ƙura ban bari ta kwana jikinta. Na tashi takanas na tafi Kano don a ce can ne ake samun mai kyau, wani mai shago ya fiddo mani taya huɗu naɗe cikin leda mai ƙyalli, da ɗan gashin nan na sabuwar taya duk a jiki, ya rantse mani kwantena ce ba a daɗe da saukewa ba, ya nuna mani lambar shekara da yatsanshi na gani da idona. Na biya kuɗin sabuwa cas. Watan Afrilu ne, zafin nan da kwalta ke narkewa, mun taso da iyali za mu gaisuwa, mun wuce Charanchi kaɗan ba mu kai Kankia ba sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, ta baya ta dama ta yi bindiga, fatar saman ta ɓare gaba ɗaya ta naɗe ta daki jikin mota, sitiyari ya ƙwace mani muka gangara muka daki bishiya. Maman yara ta karye a hannu, har yau in sanyi ya shigo sai ta kwana tana juyi. Ƙaramar ɗiyata gilas ya yanke ta a goshi, tabon na nan. Da mai faci na bakin hanya ya duba ragowar ukun sai ya kira ni ya ce Malam zo ka gani, ya sa farce ya kankare wajen lambar, ashe goge ta asali aka yi aka buga wata a kai, wajen ya fi sauran jikin santsi. Ya lanƙwasa gefen da hannu sai ga tsaga ƙanana ƙanana birjik, an shafe su da baƙin mai. Na koma Kano da tayar cikin but ɗin motar maƙwabcina, mutumin nan ya dube ni ya ce shi bai san ni ba, kuma kayan da ya bar shago ya bar shago. Na je wajen shugabanninsu na kasuwa aka ce in yi haƙuri ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, amma shi da ya goge lamba fa? Motar tana nan gareji har yau gaba ya lotse, ban da kuɗin tada ta, in na bi ta wajen kauda kai nake.

Hajiya Maman Sadik:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara kiyayewa Malam, Allah ya ba Maman yara lafiya. Shi kuma Allah ya isa, rai fa yake wasa da shi.

Baban Ummi:
Subhanallah. A wace kasuwa ce Malam? ka faɗi shagon mutane su sani

Malam Na Layout:
Bar shi Baban Ummi, na bar shi da Allah. Ba shi kaɗai ke yi ba ai, in na faɗi ɗaya sai ku faɗa hannun na kusa da shi.

Injiniya KT:
Allah ya tsare gaba. Ga yadda ake duba shekarar taya. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara, in ka ga 2324 to mako na 23 ne a 2024. In lambobi uku ne kacal to kafin shekarar 2000 aka yi ta, Abban Khalifa ka duba na jikin motar Baba ba mamaki haka za ka gani, har da safaya da ke cikin but. Ka shafa wajen da yatsa, ka duba duka huɗun. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC cewa take taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka yi ta, Michelin kuma cewa suke bayan shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko zanenta bai taɓu ba. Motar da ke ajiye irin taka tsufa ke kashe mata taya tun zane bai cinye ba, shi ya sa Beljiyam ba taka ba ce, rabin ranta ta cinye shi can. Wasunsu ma na ƙanƙara ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu don sanyi aka haɗa ta, ba don zafin Katsina ba.

Ɗan Marusa:
Ni dai Beljiyam nake sawa tun da na fara mota ban taɓa ganin komai ba. Dubu 18 na sayi ɗaya wajen Ƙofar Ƙaura

Baban Ummi:
18? Yaushe rabonka da kasuwa? Ni an ce mani 30 kuma ba ragi. Sabuwar China 55.

Hajiya Maman Sadik:
Direbana 42 ya ce mani ya sayi sabuwa satin nan

Baban Ummi:
Hajiya lamba nawa? In 15 ce ta Corolla ai tana ko'ina shi ya sa. 14 mai 70 ce ta yi wuya.

Bahaɗeje:
Katsinawa kenan, mota ta girmi ango da amarya amma sai an kai ta Daura. Ku zo mu ara maku jaki, shi tayarshi ba ta ƙarewa

Ɗan Marusa:
Bawa ya samu waya. Ka bari iyayen gidanka su gama magana tukun

Alhaji GRA:
Ina da 500SEL, nata 205/70 R14 ne, na sha wannan wahalar. Maganar gaskiya in kana son motar ta koma yadda Jamus suka yi ta, Michelin har yanzu suna yin wata taya XWX don tsofaffin motoci, akwai kuma Vredestein Sprint Classic, amma sai dai wani ya taho maka da su daga waje kuma da kuɗin huɗu za ka yi wa motar fenti har ka samu canji. Ni na yi sau ɗaya, tafiyar kam ba a magana, sitiyari kamar ba ka riƙe komai ba. Daga baya na nemi rim 15 na irin motar, don daga ƙarshen 1985 su kansu Marsandi 15 suka koma sa ma wannan ƙirar da 205/65 R15, na adana na asalin cikin ɗaki. Kada dai a ba ka na V-boot, ramukan biyar ɗin za su hau amma zamanshi ya fi shigewa ciki.

Abban Khalifa:
Na gode Alhaji. Na fita yanzu da tocila na duba, lambobi uku ne a safayar kamar yadda Injiniya ya ce. Amma ni dai har yanzu tambayata, in na tsaya kan rim 14, sabuwar China mai 91H ta wannan shekarar za ta kai mu Daura ta dawo lafiya? kilomita 80 ne fa kawai ko ƙasa da haka

Kawu Direba:
Ba za ta kai ba.

Injiniya KT:
Za ta kai Kawu, in sabuwa ce da gaske kuma iskar daidai ce. Ka duba wajen da aka rubuta zafin da take jurewa, A ko B ko C, ka nemi A.

Kawu Direba:
Wanda ya goge shekara zai gagara buga A? Ku yaran nan komai sai rubutu. Ni da hannu nake gane taya, in na danna na sansana na san shekarunta.

Alhaji GRA:
Kawu hancinka ba zai bi Abban Khalifa kasuwa ba ai, lambar ce zai iya dubawa shi kaɗai.

Kawu Direba:
To ya zo ya ɗauke ni mu tafi tare, ina nan Sabuwar Unguwa.

Hajiya Maman Sadik:
Tunda an zo maganar iska, ni masu facin garin nan ne damuwata. Duk wanda ka je wajenshi 50 zai ɗura maka, ka ce ya yi yawa ya ce Hajiya haka ake sawa. Motata har tsalle take a hanyar Dutsinma, tsakiyar tayar ya cinye gefe na nan sabo.

Injiniya KT:
Lambar da ke jikin taya suke karantawa, ita kuma iyakar abin da tayar ke ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. A Marsandi ka buɗe murfin tankin mai, a cikinshi aka manna adadin, gaba daban baya daban, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Baban Ummi:
Wane karatu, gejin nasu ne ya mutu. Na auna wajen wani ya ce 35, na matsa gaba kaɗan wani ya ce 48, taya ɗaya fa ko minti biyar ba a yi ba. Wani ma ba ya da geji sam, da ƙarfe yake bugun taya ya saurara.

Malam Na Layout:
Kada ku haɗa su duka, mai faci ne ya gano mani abin da aka yi mani kuma ko sisi bai karɓa ba.

Ɗan Marusa:
Naka na kirki ne Malam. Nawa ɗaure mani ƙusoshin wili ya yi da ƙafa yana hawa kan sifana, ranar da na yi faci hanyar Jibiya mu uku muka kasa kwancewa. Kuma kuɗin iska yanzu taya ɗaya 200 wai man janareta

Baban Ummi:
200 a ina? mu nan 300 muke ba da wa

Hajiya Maman Sadik:
Injiniya ina ake samun gejin nan na hannu a Katsina, mai allura ko mai batir wanne ya fi? In aika direba gobe.