Neman kalma: jirgin da ba ya isa gaɓa, da ƙananan da ke kwaso mutanensa

Hauwa'u, Kano:
Assalamu alaikum mutanen zaure. Ina cikin matsi. Gobe da ƙarfe 4 na yamma zan naɗi shirinmu na zagaya duniya, wannan makon kuma a kan tsibirin Santorini ne na ƙasar Girka. Abin da nake so mai sauraro ya gane shi ne, manyan jiragen ruwan shaƙatawa ba sa matsowa jikin tsibirin. Can tsakiyar ruwa suke tsayawa, ƙananan jirage su riƙa kwaso fasinjoji suna kai su gaɓa. Turawa na ce wa ƙananan nan tenda. Kishiyar wannan ita ce tashar da jirgi ke mannuwa da gaɓa, a ɗaure shi, a sa matakala kowa ya sauka da ƙafarsa. Suna uku nake nema: na ƙaramin jirgin, na tashar da ake yin jigilar, da na tashar da ake ɗaure jirgi. Kada wanda ya ce in bar ta tenda. Na gwada a ofis, wani ya ɗauka kwangila za a raba.

Sani Gwammaja:
Kwale-kwale mana. Me ya yi zafi?

Hauwa'u, Kano:
Yaya Sani, abu mai inji da rufi da kujeru, yana ɗaukar mutum ɗari ko fiye? Da na ce kwale-kwale, mai sauraro zai hango mutum ɗaya da filafili yana fama.

Baba Ɗanladi, Yawuri:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kalmar da kike nema ta girmi rediyo. Jirgin fito. Mu nan bakin Kwara tun muna yara, wanda ke haye da mutane da kayansu ɗan fito ne, aikinsa fito, abin da ake ba shi kuɗin fito. Ba ruwan kalmar da girman jirgi, aikin take faɗa. Wurin da jirgi ke tsayawa jikin ƙasa a yi lodi kuwa, kwata. Ki ce tashar fito da tashar kwata, kin gama.

Sani Gwammaja:
Baba, a Kano in aka ce kwata, mahauta za a nufa da kwano. Wasu ma magudanar ruwan datti za su ji.

Baba Ɗanladi, Yawuri:
To laifin kalma ne don ku ba ku da ruwan da ya wuce Tiga?

Malam Tukur, Zariya:
Bari in sa baki kafin a yi nisa a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Kwata ba tamu ba ce, aro ce, kuma ga shi ma'anarta ta rarrabu gida uku. Fito kuwa daga gaɓa zuwa gaɓa ake yinsa, ƙetare kogi ne. A nan ba kogi ake ƙetarewa ba, daga jirgi ake zuwa tudu. Me ya sa kullum muke gudun abin da ke cikin gidanmu? Bahaushe yana da turke. Doki in ya dawo gida a turke ake ɗaure shi. Saboda haka wurin ɗaure jirgi shi ne turken jirgi, tashar kuma tasha mai turke. Wadda ba ta da shi, tasha marar turke. Ƙaramin jirgin kuwa na ba shi suna ɗan aike, don babba ne ke aikensa. Shekara biyu ke nan ina koya wa ɗalibaina turken jirgi, ba wanda ya taɓa kasa ganewa.

Sani Gwammaja:
Malam, ɗalibin da ke jiran maki a hannunka zai ce bai gane ba?

Nura Mai Jirgi:
Salam. Ni ba masanin Hausa ba ne, amma shekara shida ina aiki a ɗakin girkin irin waɗannan jiragen, kuma Santorini na je ta ba adadi. Anti Hauwa'u, kafin a zaɓi kalma ki san abin da bambancin ke jawo wa mai ziyara, don shi ne naman labarin.

Santorini bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da teku ya cika cikinsa. Ruwan wurin zurfi gare shi ƙwarai, garuruwan kuma suna can bisa gefen dutse. In jirgi ya iso da safe, ba kowa ke sauka lokaci ɗaya ba. Waɗanda suka sayi yawo daga kamfanin jirgi su ake fara kwasa, galibi a kai su tashar Atiniyos inda motoci ke jira. Sauran, masu yawon kansu, sai su karɓi lamba su jira a kira su, a kai su tsohuwar tasha da ke ƙarƙashin garin Fira. Nan ake yinta. Mota ba ta zuwa wurin. Daga nan zuwa gari hawa ne na sama da mita 200, kuma hanya uku ce: keken igiya, wato akwatunan da igiyar ƙarfe ke ja sama da mutane, da ke ɗaukar kamar mutum 1,200 a awa, ko matakala kusan 600 a ƙafa, ko bayan jaki da alfadari a kan matakalar nan dai. Ki lissafa jirgi uku ko huɗu, kowanne da mutum dubu biyu ko uku, duk suna son keken nan guda. Da yamma kuma duk suna son saukowa lokaci guda, don akwai jirgin ƙarshe da in ya tashi ya bar ka, sai dai ka bi babban jirgi tsibiri na gaba da kuɗinka. A takarda an rubuta awa takwas a Santorini. Wanda bai yi dabara ba, uku daga ciki a layi zai ci su.

Ki kwatanta da Baleta ta ƙasar Malta. Jirgi na ɗaurewa ne a gindin ganuwar birnin, ka taka ka sauka, ka ɗan yi tafiya, ka hau lif ɗin Barraka mai tsawon mita 58, sai ga ka a cikin gari. Kana iya komawa jirgi ka ci abincin rana ka sake fitowa. Tsohuwa mai keken guragu ma za ta sauka. A tashar jigila kuwa in teku ya ɗan motsa, mai keken guragu a jirgi zai wuni.

Hauwa'u, Kano:
Allah ya saka, Nura. Wannan kaɗai ya cike mini minti biyar. Ke nan in ce tashar da ake ɗaurewa ita ce mai daɗi, ɗayar kuma ta wahala?

Nura Mai Jirgi:
A'a, kada ki yanke haka. A Mikonos, maƙwabciyarta, jirgin da ya samu wurin ɗaurewa a sabuwar tashar Turlos yake tsayawa, wajen kilomita biyu daga gari, sai an nemi mota ko wani jirgin. Wanda bai samu wuri ba ya tsaya a ruwa, sau da yawa ƙananan jiragen a tsohuwar tasha suke sauke mutanensa, a bakin garin. Wani lokaci wanda aka bari a waje shi ke riga shiga gari. Babbar illar tsayawa a ruwa iska ce. Akwai iskar arewa da ke kaɗawa a tekun nan da bazararsu, in ta yi ƙarfi kyaftin na iya cewa ba mai sauka, a wuce tsibirin gaba ɗaya.

Malam Tukur, Zariya:
Kun ga abin da nake faɗa. Marar turke ita iska ke wasa da ita. Kalmar da kanta ta yi bayani.

Baba Ɗanladi, Yawuri:
Malam, da girmanka. Jirgin da ya tsaya tsakiyar ruwa ya saki anga, ba a ɗaure yake ba? Angar nan ba turke ba ce? To duka biyun a turke suke, kalmarka ba ta raba komai ba.

Malam Tukur, Zariya:
Anga ma aro ce. Ƙugiya ake cewa.

Baba Ɗanladi, Yawuri:
Ƙugiya ta kifi ce da ta ciro guga daga rijiya. Ni shekarata 67 a bakin ruwa, ban taɓa jin ɗan jirgi ya ce ya kai jirginsa turke ba. Wannan ita ce matsalarmu da ku 'yan jami'a. Ku zauna a ofis ku ƙera kalma, mu da ke da sana'ar ba a tambayarmu. In maganar doki ce zan yi shiru in saurare ku. Ko tsibirin nan da kuke ta faɗa, mu gungu muke cewa, Gungawa ma daga nan sunansu ya fito, amma ban ce a canza ba.

Malam Tukur, Zariya:
Ba raini ba ne, Baba. Daidaitacciyar Hausa ake nema, wadda za a fahimta daga Kano har Agadas. Ba karin harshen gari ɗaya ba.

Ibrahima, Maraɗi:
Yawwa, an zo wurin. Duk lokacin da kuka ce daidaitacciya, ta Kano da Zariya kuke nufi, mu dai a kira sunan garinmu a yi ado da shi. Malam, tun da ka ambaci Agadas, ka taɓa tambayar mutumin can ko ya gane turken jirgi? Raƙumi zai nema. Mu nan jirgin da ke haye da motoci bak muke ce masa, daga Faransanci, kamar wanda ya daɗe yana aiki a Farye, bakin Kwara a nan Nijar, kafin a yi gada. Ban ce a sa shi a rediyon Kano ba. Amma fito kam, ko kakata ta san shi.

Sani Gwammaja:
Ni tsorona da fito ɗaya ne. A rubuce, fito na haye ruwa, da fito na baki, da fito na "fito waje", da wani fiton da ake sha a kwarya wanda ba zan faɗa ba a gaban Malam, duk fuskarsu ɗaya.

Ibrahima, Maraɗi:
Rediyo ce ai, ba jarida ba. Baki zai raba su.

Usman, Kasala:
Assalamu alaikum daga Sudan. Na daɗe ina karatu ban yi magana ba. Ku da kuke cewa abin baƙo ne, kakanninmu sun yi shi kafin a haifi mai yawon shaƙatawa. Alhazan da suka tako daga ƙasar Hausa suna haye Bahar Maliya ne daga Sawakin, wadda tsohon garinta ma a kan tsibiri yake, daga baya kuma daga Bur Sudan. A Jidda ta da, saboda duwatsun murjani da ke gaban garin, manyan jirage nesa suke tsayawa, ƙananan jirage masu suna sambuk su kwaso alhazai zuwa gaɓa. Har yau tsofaffinmu sambuk suke cewa. Ban kawo ta don a ɗauka ba, na san a Najeriya ba a san ta ba. Amma ranar da na tambayi kakata yadda suka sauka, cewa ta yi "an yi fitonmu". Daga jirgi zuwa tudu ne kuwa, ba gaɓa zuwa gaɓa ba.

Baba Ɗanladi, Yawuri:
Allah ya yi mata rahama in ta rasu, in tana nan ya ƙara mata lafiya. Malam, ka ji.

Malam Tukur, Zariya:
Na ji. Shaidar tsohuwa ɗaya ba ta zama ƙa'ida, amma na yarda ma'anar fito na iya faɗaɗa. Kwata ce ba zan taɓa sa wa hannu ba.

Hauwa'u, Kano:
To ga wata sabuwa. A cikin labarin akwai harajin da Girka ta fara karɓa a 2025, yuro 20 kan kowane fasinjan jirgin shaƙatawa da ya sauka a Santorini ko Mikonos a tsakiyar lokacin zafi, ga kuma ƙayyade masu sauka a Santorini zuwa 8,000 a rana. In na kira ƙananan jiragen fito, mai sauraro zai ɗauka yuro 20 ɗin ladan ɗan fito ne. Kuma kuɗin fito a labaranmu harajin kwastan ne. Na shiga uku.

Ibrahima, Maraɗi:
Ki ce harajin sauka. Kada ki haɗa shi da fito ko a jimla ɗaya.

Nura Mai Jirgi:
Harajin sauka ya yi. In kina da sauran minti, ki ƙara da cewa ba kowane tsibiri ke son a gina masa wurin ɗaurewa ba. A Giran Keman ta yankin Karibiyan har yau jigila ake yi, shi ya sa jiragen da suka fi kowane girma ba sa zuwa. An yi ƙuri'ar raba gardama a Afrilun 2025 kan a gina, mutanen suka ƙi. Murjaninsu suke ji, da cunkoso.

Malam Tukur, Zariya:
Wato sun ƙi a kafa musu turke. Ku ji yadda ta zauna a jimla, don Allah.

Sani Gwammaja:
Malam ba zai saki turken nan ba sai ya ja mu duka.

Hauwa'u, Kano:
Jama'a, na naɗa, an gama. Ga yadda ta kaya. Ƙananan na ce jiragen fito, tashar kuma tashar fito, kuma da farko na yi bayani a jimla ɗaya cewa daga babban jirgi suke kwaso mutane. Harajin sauka ya shiga. Ɗayar ce ta gagara. Na rubuta kwata, shugaban sashenmu ya soke, ya ce rabin Kano za su ji warin nama. Na gwada turke a bakina sau biyu, dariya ta kama mai naɗa sauti. A ƙarshe cewa na yi "tashar da jirgi ke ɗaurewa a jikin gaɓa", doguwa ce amma ta wuce. Baba, Malam, ku yi haƙuri, kowa ya rasa rabi.

Baba Ɗanladi, Yawuri:
Ba komai 'yata. Ki gaya wa shugaban naku ya zo Yawuri ranar kasuwa, ya tambayi yaro hanyar kwata ya ga inda za a kai shi.

Malam Tukur, Zariya:
Kalma takwas a wurin da biyu za su isa. Ni dai a ajina turken jirgi ne, kuma zan ƙara jirgin fito a darasin mako mai zuwa, tare da bayanin cewa asalinsa na kogi ne.

Sani Gwammaja:
Af, keken igiyar nan fa da Nura ya faɗa, haka kika bar shi? Don ni a wurina keke ƙafa gare shi.

Hauwa'u, Kano:
Yaya Sani, ka buɗe wani zaren. Ni na tafi sallah.