Liyarin 1780 da ake son sayar mini: in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na fara tara tsoffin kuɗin azurfa na sarakunan Turai. Wani ya kawo mini liyari mai hoton Mariya Tereza, bayansa mikiya mai kai biyu, an buga 1780. Ya ce ya haura shekara 240, ya sa kuɗi mai tsada. Ya ɗan yi baƙi, kuma akwai huji a samansa. Don Allah masana ku ba ni shawara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada shekarar nan ta ruɗe ka. Mariya Tereza ta mulki Ostiriya da Hangari daga 1740 har ta rasu a 1780. Da ta rasu, fataken Larabawa da Habasha da namu na nan sun yarda sosai da kuɗi mai fuskarta, sai aka ci gaba da buga shi da 1780 ɗin. An buga a Rum, an buga a Landan da Bombai, kuma har gobe ana bugawa a Biyana, babban birnin Ostiriya. Naka zai iya zama na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. In wanda aka buga tana kan mulki kake so, nemi mai shekara tsakanin 1741 da 1779.

Amsa ta biyu, daga maƙerin farfaru:
Ɗan'uwa, ɗora shi a sikeli tukuna. Na gaske giram 28 ne da ɗan ɗori, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari. Kanga masa maganaɗisu, in ya kama, jabu ne. Duba bakinsa, akwai rubutu kewaye da ya taso, na zubi kuwa rubutun a dagule yake. Hujin nan na ratayawa ne, iyayenmu mata sun yi ado da shi, amma masu tarawa suna rage kuɗi saboda shi. Ni dai ba zan biya fiye da kuɗin azurfarsa ba.

Amsa ta uku:
Ƙanena, in ka saya, don girman Allah kada ka goge shi da toka ko lemun tsami. Baƙin nan masu saye suna son sa, gogewa kuma ƙarce fuskar take yi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai shi a auna, sannan mu yi ciniki.