Wai ɗan Libatariyan zai taɓa cin zaɓen fidda gwani a Amurka?

Malam Sani: Ni dai na faɗa na ƙara, duk ɗan takarar da ya ce gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, ta rage haraji, ta kwaso sojojinta daga ƙasashen mutane, wato mai ra'ayin Libatariyan, ba zai taɓa samun tikitin Republican ba. Ron Paul ya gwada a 2008 ya gwada a 2012, ɗansa Rand ya gwada a 2016, ina suke?

Baban Khadija: Haba Malam, ai kai ma ka san dattijon nan Ron Paul ya girgiza su. Likitan haihuwa ne fa daga Texas, jarirai sama da 4,000 ya karɓa da hannunsa, kuma ranar 16 ga Disamba 2007 magoya bayansa suka tara masa sama da dala miliyan 6 a yini ɗaya ta intanet, mafi yawa ƙananan mutane ne masu tura ɗan abin da ya samu. A 2012 ya zo na uku a Iowa da kashi 21, ya zo na biyu a New Hampshire da wajen kashi 23, wannan ai ba wasa ba ne.

Malam Sani: To sai kuma me? Jiha nawa ya ci a ƙuri'ar jama'a? Ko ɗaya. Taron ɗalibai masu ihun a rushe babban banki daban, akwati daban.

Anti Maryam: Ni abin da ya sa nake ganin mutuncin mutumin, a 2002 ya ƙi goyon bayan yaƙin Iraƙi lokacin da kusan duk 'yan jam'iyyarsa suka bi Bush. Amma Baban Khadija ka yarda mana, abin da ke burge mu ɗin nan shi ne ya kashe shi. Na kalli muhawarar South Carolina ta 2012, tsoho na tsaye cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa yana cewa kar mu yi wa wasu ƙasashe abin da ba ma so a yi mana, wallahi zauren ya ɗau ihu suna masa eho. Su ne fa masu zaɓen, ba mu ba.

Baban Khadija: Anti ai murɗiya ma aka yi masa. Yaransa sun iya lissafi, suka tsaya a tarukan jam'iyya na jihohi har dare ya raba bayan kowa ya tafi gida, suka kwashe yawancin daliget a Iowa da Minnesota da Maine, da aka je babban taro a Tampa sai uwar jam'iyya ta cire masa wasu daga cikin na Maine ta kuma canja dokoki don kar a sake irin haka. Mu nan wa zai koya mana rikicin daliget.

Malam Sani: Murɗiya kuma? Ko an bar masa na Maine duka, Romney da ya ci tikitin ya wuce daliget dubu 2, shi ba zai wuce wajen 200 ba.

Abba ɗan makaranta: Yayyena ku yi haƙuri in sa baki. Milei fa? A Ajantina ya zo na ɗaya a zaɓen fidda gwani na Agusta 2023, a Nuwamba ya ci shugaban ƙasa da kusan kashi 56, kuma shi ma rushe babban banki yake kira har da ɗaga injin yanke itace a wajen kamfen.

Anti Maryam: Abba can hauhawar farashi ta wuce kashi 100 a shekara, mutane sun gaji, ko wa ya zo da zafi za su bi. Kuma shi da jam'iyyarsa ya shiga, bai je neman tikiti a gidan wasu ba. A Amurka in ka fita ka tsaya kai kaɗai ka zama Gary Johnson, kashi 3 da ɗoriya a 2016, kuma shi ne mafi yawan da jam'iyyar Libatariyan ta taɓa samu.

Malam Sani: Yawwa. Kuma ku tuna yadda Rand ya ƙare. Sanatan Kentucky, ya tsaya kusan awa 13 yana magana a majalisa kan jirage marasa matuƙi a 2013, ana ta cewa shi ne gobe, sai ga Trump ya fito yana zagin yaƙin Iraƙi shi ma amma yana cewa ba zai taɓa kuɗin fanshon tsofaffi ba. Rand bai kai kashi 5 a Iowa ba, bayan kwana biyu ya janye.

Baban Khadija: Ai kun ga ra'ayin ya ci kenan, ko da mutumin bai ci ba.

Anti Maryam: Rabin ra'ayin dai. Wancan rabin na a yanke tallafi wa ya ɗauka? Kai kanka da aka cire tallafin mai a 2023 sati guda ka yi ba ka gaishe mu ba.

Baban Khadija: Wannan kuma maganar daban ce Anti, ki bari in dawo daga masallaci.