Ƙurar ɗaki: da gaske matacciyar fatar jikinmu ce?

Uwargida, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ana cewa ƙurar da ke kwanciya a kan gado da talabijin yawancinta fatar mutum ce da ke zuba. Gaskiya ne? In haka ne, dirza jiki da soso zai rage ta?

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Fata kam tana zuba, ba dare ba rana. Sabbin ƙwayoyinta daga can ƙarƙashin fatar suke tasowa, na baya na turo na gaba. Kafin su iso waje sun mutu, sun baje, sun cika da keratin, sinadarin da ke cikin farce da gashi. Sukan jeru hawa 15 zuwa 20, su ne ke hana ruwan jiki ƙafewa. Zagayen yakan ɗauki kamar mako 4 ga matashi, yana ƙara tsawo in shekaru sun ja.

Lafiyayyar fata ɗai-ɗai take zubar da su, ido ba ya gani. In ta bushe ne suke mannewa su tashi a dunƙule, shi ne furu-furun da ke fitowa a ƙwauri da hunturu. Dirza ba ta maganin wannan, kankare kariyar kawai take yi, sai ƙaiƙayi da tsagewa. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, sabulu kaɗan, sannan a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki na da danshi. Kaushin diddige kaɗai ke son dutse, bayan an jiƙa ƙafa minti 10.

Malamin kimiyya, Sabon Gari:
Maganar "yawancinta fata ce" an zuzuta ta. Fata na ciki, amma tare da zaren tufafi da na labule, gashi, toka, da ƙasar da takalmi ke shigowa da ita. Balle a Zariya daga Nuwamba zuwa Fabrairu: farar ƙurar nan mai laushi iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Sharar tsintsiya a bushe tayar da ita take yi, ta sake sauka bayan an gama. A yayyafa ruwa tukuna, kayan ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma, daga sama zuwa ƙasa.

Mai harhaɗa magani, Ƙofar Doka:
Inda fatar ke taruwa da gaske shi ne katifa da filo. Akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari, ba su kai rabin milimita ba, da ita suke ci. Ba sa cizo. Kashinsu ne ke tayar da atishawa da asma. Daga iska suke samun ruwa, don haka da damina suke yaɗuwa, musamman a Agusta, hunturu kuwa rage su yake yi. A wanke zanin gado da rigar filo duk mako da ruwa mai zafin digiri 60 na ma'aunin Celsius, ruwan sanyi ba ya kashe su. Katifa a fitar da ita rana, a kakkaɓe a tsakar gida, mai asma ya ba da wuri.

In kuwa ɓawon fata yana fitowa da kauri a gwiwar hannu ko fatar kai, ko yana jini in an sosa, Hajiya, wannan na likitan fata ne. Kada a sayi man da ke da sitiroyid (sinadarin rage kumburi da ƙaiƙayi) a kasuwa a yi ta shafawa, sirantar da fata yake yi.